Yusha'u Mai Faci da Haƙoran Matarsa

Shekara ashirin da biyu ke nan rumfata tana jingine da ta Yusha'u a bakin kwaltar Malbaza, ni ina sayar da baƙin mai da ƙananan kayan mota, shi yana facin taya. Abin da zan faɗa a kansa, wani da idona na gani, wani shi ya gaya mini da bakinsa, kaɗan-kaɗan cikin ranaku masu yawa, don ba mutum ne mai zuba zance ba.

Asalinsa ɗan Badaguishiri ne. Ubansa manomin rani ne, albasa da kabeji da tumatir a cikin kwari, kuma duk ƴan'uwansa can suka tsaya. Shi kaɗai noma bai shiga ransa ba. Yana da shekara goma sha tara ya hau bayan wata motar albasa ya sauka Malbaza, ya tarar da kamiyoyi, manyan motocin kaya, jere a ƙofar luzin, wato masana'antar siminti, suna jiran lodi. Ya tsaya yana kallon tayoyinsu, ya ce a ransa mai faci ba zai ji yunwa a garin nan ba. Ya koyi aikin wurin wani tsoho, da tsohon ya rasu ya gaji rumfar.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Direbobi suna son aikinsa saboda ba ya ruɗin mutum. In taya ta mutu zai ce maka ta mutu, ba zai liƙa mata faci ka je ta fashe maka a hanyar Tawa ba. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san shi: kishi.

Matarsa Ummulkhairi ƴar Illela ce. Ranar kasuwa ya fara ganinta, tana taya uwarta sayar da ƙuli-ƙuli. Ya ce mini dariyarta ya fara ji kafin ya ga fuskar, da ya waiwaya sai ya ga haƙora farare tas, jere reras. Masu nemanta suna da yawa, amma ubanta ya zaɓi mai sana'ar hannu. Watan da ta tare, Yusha'u ya ƙara wa katangar gidansa layi biyu na bulo. Mai ruwa a ƙofa yake sauke garwa, shi zai shigar da ita da kansa. Bai taɓa dukanta ba, bai taɓa zaginta ba. In abin ya motsa masa sai ya ɗaure fuska ya yi kwana uku ba magana. Ita kuwa sai ta ajiye masa tuwo ta zauna gefe ta ce, "Malam, fushin yau na wa na? Na mai gawayi ko na mai gyaran rediyo?" Wani lokaci ya kasa riƙewa ya yi murmushi, wani lokaci ya ƙara kwana ɗaya.

Shekarar da ɗiyarsu ta uku, Nazifa, take aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, ƙanwar Ummulkhairi ta haihu a Illela. Yusha'u ya ɗauki matarsa a babur suka tafi suna. Yana zaune a tabarmar maza a ƙofar gida sai ga wani malamin lakwal, ɗaya daga cikin waɗanda suka neme ta da, ya tsaya sun gaisa da ita a bakin zaure. Ya tuna mata wani abu na ƙuruciya, ta yi dariya har ta dafa bango. Yusha'u bai jira an raba nama ba. Ya aika aka kira ta, ya ce su tafi, rana na yi. Ta hau bayan babur.

Ya saki babur yana gudu kamar ana binsa. Sau biyu ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya rage, bai rage ba. Kafin su kai Badaguishiri akwai inda ruwan sama ya kwaso yashi ya zube a kan hanya. Tayar gaba ta shiga, babur ya kwanta. Shi gwiwar hannu kawai ya kurje. Ita bakinta ya daki dutse. Da ya ɗago ta jini ya jiƙe gaban rigarta, haƙoranta biyu na sama, na tsakiya, babu su. Ɗaya ma a cikin yashi ya tsince shi, ya riƙe a hannu bai san abin da zai yi da shi ba.

An ɗinke mata leɓe, ya warke. Duk wanda ya zo dubiya ya tambayi yadda aka yi, sai ta ce akuya ce ta gitta musu. Yusha'u yana zaune yana ji, bai taɓa gyara maganar ba.

Daga nan Ummulkhairi ta koyi jan gefen mayafi ta rufe baki. Ta rage magana cikin mutane, don wasu kalmomin da iska suke fita, yara suna kwaikwayo. Ta daina gutsurar rake da gasasshiyar masara, sai ta yanka da wuƙa ta kai wa turame. A cikin gida ne kawai, in daga ita sai mijinta da ƴaƴanta, take sakin mayafin ta yi dariyarta yadda ta saba, giɓi a waje.

Bayan shekara biyu, da yara suka girma hidima ta yi yawa, ta ce tana son ta fara dafa shinkafa da wake tana sayar wa direbobi. Mu duka mun ɗauka ba zai yarda ba. Ya yarda, da sharaɗin rumfar ta zama a tsallaken kwalta, daidai gaban tasa. Abincinta ya karɓu. Direbobi suka sa mata suna Mai Lulluɓi, don ba wanda ya taɓa ganin bakinta. In sun yi barkwanci sai ta sunkuyar da kai, kafaɗunta su yi rawa, shi ke nan. Yusha'u yana tsallake yana bugun taya, yakan ɗaga kai ya duba, ya mayar.

Da daɗewa bayan haka ya ce mini, "Mika'ilu, Allah shi gafarta mini. Shekarun nan da ta yi da giɓi, su na shekarun da na hi samun kwanciyar rai. In na dubi bakinta sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa don kunya. In na hito waje na ga ta ruhe shi, sai in ji sanyi."

Shekara goma sha huɗu aka yi haka.

Nazifa ta yi karatu ta zama ungozoma, aka ba ta aiki a Ƙonni. Abin da ta fara sa wa gaba shi ne bakin uwarta. Ta zo gida wata Juma'a ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, akwai likitar haƙori inda nike aiki kusa. Na yi mata maganar Inna, ta ce a kawo ta ta gani. Duk abin da za a yi, ni na ɗauka."

Ya ce, "Uwarki ta ce tana so?"

Ummulkhairi tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, "Ina so."

Ya ce to. Shi a tunaninsa irin haƙoran robar nan ne da tsofaffi ke sawa su cire su jefa a kofi, masu rawa in ana magana, waɗanda mai su ba ya yarda ya buɗe baki sosai don kada su faɗo.

Sau uku Nazifa ta kai ta. Zuwan farko likita ta duba, ta ɗauki hoton bakin, ta ce an yi sa'a, haƙoran da ke gefen giɓin dama da hagu suna da ƙarfi, da yake Ummulkhairi ba ta cin goro kuma ba ta rabuwa da asuwaki. Zuwa na biyu aka yi mata allurar kashe zafi, aka kankare haƙoran gefen biyu da wani ɗan inji mai ƙara har suka ƙanƙance, aka danna mata wani abu mai laushi kamar ƙullu aka ɗauki siffar bakin, aka rufa mata na wucin gadi. Aka aika Yamai a ƙera. Bayan mako uku aiki ya iso: haƙora huɗu a haɗe wuri ɗaya, na gefe biyu masu rami a ciki suna hawa kan waɗanda aka kankare kamar hula, na tsakiya biyu suna cike giɓin. Likita ta ce su gada suke ce masa, don ya dogara ne da ƙafa biyu ya tsallake rami. Da ta ce za ta liƙe shi da siminti, Ummulkhairi ta ce, "Da kin hwaɗa mini da na zo da nawa, daga Malbaza nike." Aka yi dariya, likita ta ce ta tsaya kada ta motsa.

Ina rumfa ranar da ta dawo. Motar Ƙonni ta sauke ta wajen la'asar, ta tsallako wurinmu da mayafi a baki yadda ta saba. Ta gaishe ni, ta juya wurin mijinta, ta saki mayafin. Yusha'u yana riƙe da guduma. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Hairi, ke ta?" Ta ce, "Ni ta, Malam." Ranar da wuri ya rufe rumfa, ya saya mata tsire ya ce ta gutsura ya gani, ta ce likita ta ce a bi a hankali tukuna.

Murnar kwana huɗu ta yi.

Hannun Ummulkhairi ya saba da mayafi, kwanakin farko yana tashi da kansa. Sannu a hankali ya daina. Ranar Talata da rana wani direba mai suna Mansur, mutumin Dogonduci, mai yawan barkwanci, wanda ya shekara takwas yana cin abincinta, ya faɗi wata magana, ta yi dariya da ƙarfi. Mansur ya ajiye cokali ya miƙe tsaye ya ce, "La ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani! Ashe haka Mai Lulluɓi take anka ɓoye muna?" Duk bencin ya ɗauki shewa. Har nan tsallake muka ji.

Na dubi Yusha'u. Ya tsaya da bututun iska a hannu, taya tana ta cika, sai da na yi masa tsawa ya zare.

Daga ranar aikinsa ya lalace. Yana faci yana kallon tsallake. Ya manna faci a gefen huda, ya manta ƙusa cikin taya. Bencin Ummulkhairi kuwa sai ƙara cika yake. Ba wani abu take yi ba, wallahi, ni shaida ne. Tana zuba abinci tana amsa gaisuwa, tana tambayar kowa iyalinsa, in abin dariya ya zo ta yi. Maganar da ta danne shekara goma sha huɗu ce take fitowa. Amma Yusha'u yakan ce mini, "Ka gani? Wancan mai jar hula ya gama ci tun ɗazu, mi yake jira?" In ce masa shayi yake jira. Ya ce, "Shayi a rumfar shinkafa?"

Da Mansur ya gangaro da taya wata safiya, Yusha'u ya ce ba shi da faci. Facin yana rataye a bayansa, kowa na gani. Mansur ya dubi facin ya dube shi, ya yi dariya yana tsammanin wasa ne, da ya ga ba wasa ba ne ya gangara da tayarsa wurin wani. A iya zamana da shi, ranar ce ya fara korar aiki.

Sai ya ce wa matarsa ƙurar kwalta tana shiga abinci, ta koma dafawa a gida, mai so ya aiko da kwano. Ta dube shi ta ce, "Shekara goma sha biyu ƙurar ba ta shiga ba sai bana?" Ya ɗaure fuska. Ta kwashe tukwanenta ta koma gida. Direbobi kuwa ba su da wanda za su aika, sai suka riƙa zuwa da kansu, su tsaya a ƙofar gida suna sallama, ita tana miƙo kwano daga zaure. Yanzu ga maza a ƙofar gidansa, shi kuma yana bakin kwalta ba ya ganin komai. Sau uku sau huɗu a yini zai ce mini in duba masa rumfa ya manta wani abu a gida.

Ya je wurin Malam Isiyaku, limamin masallacin unguwarsu, ya zagaya ya zagaya, sannan ya tambaya ko alwala da wanka suna inganta ga wanda aka liƙa wa haƙoran da ba nasa ba, tunda ruwa ba ya taɓa nasa da ke ƙarƙashinsu. Malam ya ce suna inganta, gyaran abin da ya lalace ne, ba laifi. Ya sake juya tambayar ta wata fuska. Malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Yusha'u, amsa kake nema ko wata amsa kake so in ba ka?" Ya yi godiya ya tashi.

Wata Laraba da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce mini zai je Ƙonni sayen faci. Wurin likitar ya tafi. Ya zauna a layi har aka kira shi. Ya tarar da mace matashiya, ba ta girmi ɗiyarsa da yawa ba. Ya ce shi mijin Ummulkhairi ne ta Malbaza, abin da aka sa mata yana damunta, tana ciwo.

Likita ta ce, "Subhanallahi. Ina ke mata ciwo, Baba? Dasashi ko haƙorin? In ta sha ruwan sanyi ko in tana tauna?"

Ya ce shi dai ciwo.

Ta ce, "To a kawo ta gobe in duba. Wataƙila ya ɗan yi tsawo, sai in rage."

Sai ya ce, "Ba a iya hidda shi? A mayar da ita yadda take?"

Likitar ta ajiye alƙalami. Ta tashi ta buɗe wani kabad ta ɗauko siffar bakin Ummulkhairi da aka zuba da farar ƙasa, ta ɗora masa a tafin hannu. Ta ce, "Baba, diba. Ga yadda bakinta yake a ƙarƙashin gadar. Wanga rami, nan haƙora biyu sunka hita, ka ga har ƙashin ya lotsa. Waɗanga ƴan ƙanana biyu, su munka kankare don su ɗauki gadar. In na hidda ta, ba yadda take da za ta koma ba. Za ta zauna da rami da guntaye biyu, ko iska ta sha sai ta ji har cikin kai. Ba na yi wa mutum haka. Ko ita ta zo da kanta sai na hana ta."

Ya ce mini bai taɓa ganin abin da ya yi mata da kyau ba sai ranar. A bakinta leɓe yana rufewa, dariya tana rufewa. Ga shi yanzu a hannunsa, fari, ba leɓe ba dariya. Ya mayar wa likitar ya fito, ya zauna a tasha har azahar bai shiga mota ba, bai kuma sayi facin ba.

Ita likita hankalinta bai kwanta ba. Ta kira Nazifa ta tambaye ta wane irin ciwo uwarta ke yi, ta gaya mata abin da tsohon ya nema. Nazifa ta kira uwarta tana kuka. Kafin Yusha'u ya iso Malbaza, Ummulkhairi ta dafa masa abinci ta rufe, ta share tsakar gida, ta bar wa maƙwabciya mabuɗi, ta shiga motar Illela. Shekara talatin da aure, ba ta taɓa yin yaji ba sai ranar.

Kwana biyar ya yi yana zuwa rumfa yana zama. A kwana na shida ya tafi Badaguishiri wurin Goggo, ƙanwar ubansa, ita kaɗai ta rage a manyansu, ya ce ta raka shi biko. Goggo ta tambayi abin da ya haɗa su, ya ce ƴar magana ce. Ta ce, "Matar da ta yi shekara talatin ba ta tahi ba, ba ƴar magana ke tada ta ba. Mu je in ji da kunnena."

Iyayen Ummulkhairi sun rasu, gidan wanta Hamani ta sauka. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi a tsakar gida. Goggo ta yi gaisuwa, ta ba da haƙuri yadda ake bayarwa, ta ce kowane aure da irin nasa, kuma tun haɗarin akuyar nan kowa ya ga yadda yaron nan ya riƙe ta.

Ummulkhairi ta ce, "Goggo, babu akuya."

Goggo ta ce, "Mi kinka ce, ɗiyata?"

"Babu akuyar da ta gitta. Na gaisa da mutum a wurin suna na yi dariya, shi ya sa ya yi gudun da ya yi. Sau biyu ina ce mishi shi rage. Ni na ƙago akuya don kada dangina su tsane shi, don kada ƴaƴanshi su ji." Ta juya ta dubi mijinta, abin da ba ta saba yi gaban manya ba. "Malam, ban taɓa yi maka gori ba, ko sau ɗaya. Na ce ƙaddara ta. Duk shekarun ga ina ganin kana kauda kai in na buɗe baki, ina jin tausayinka, ina cewa bawan Allah kunya ta dame shi. Ashe daɗi kake ji. Har ka sa rigar Juma'a ka tahi a mayar da ni."

Hamani ya yunƙura zai yi magana, Goggo ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Yusha'u, gaskiya ta?"

Ya ce, "Gaskiya ta, Goggo."

"Duka?"

"Duka." Kansa yana ƙasa. "Kunyar na ji ta, daɗin ma na ji shi. Ban san yadda anka yi su biyu sunka zauna wuri guda ba. Hairi, ban zarge ki da kowa ba, Allah shina gani. In kin yi dariya da wani, sai in ji kamar an ɗebi wani abu nawa an tahi da shi. Tun ranar da na hwara ganinki haka nike. Na yi addu'a, na yi azumi, bai hita ba."

Ummulkhairi ta ce, "Ban ce shi hita ba. Na san da shi na aure ka. Cewa na yi ka riƙe abinka, kada ka sake ɗora mini shi a baki."

Goggo ta share ido da bakin zane ta ce ita ba ta da abin cewa, da ta san haka ne da ba ta zo ba, don ba ta da fuskar roƙo. Ummulkhairi ta ce za ta koma, amma ba yau ba, kuma ba a bayan kowa ba. In ta koma, tukwanenta bakin kwalta za su.

Ta ƙara mako ɗaya. Ranar kasuwar Illela ta sayi sabuwar tukunya da buhun wake ta shigo mota da kanta. Washegari da sassafe Yusha'u ne ya ɗauko mata benci a ka ya tsallaka da shi, ya kakkafa rumfar da iska ta karkatar.

Bayan kwana biyu ya ga kamiyon Mansur a layi, ya je da kansa ya ce ya ga tayar baya ta yi laushi, a kawo. Mansur har yau bai san abin da ya faru ba, yana cewa tsohon nan wata rana aljanunsa ke tashi. Yusha'u ya roƙe ni na matsar da jarkokina, ya mayar da wurin aikinsa bayan rumfata, inda buhunan da na rataya suka tare masa tsallake. Ya ce ido dai ya samu hutu, kunne ne ya rasa yadda zai yi da shi.

Shekara biyu ke nan. Gadar tana nan daram, Ummulkhairi tana cin masararta. Nazifa ta daɗe ba ta sakin fuska da ubanta, yanzu sun shirya. Shi kuwa ba zan ce ya warke ba.

Watan jiya wani baƙon direba, dattijo, ɗan wajen Maraɗi, ya kawo taya. Yana zaune yana jira sai dariyar Ummulkhairi ta tsallako. Ya leƙa ya ce, "Kai, wagga mai abinci akwai fara'a. Da mijinta kuwa?"

Na daina abin da nake yi. Yusha'u ya ci gaba da goga roba, ya shafa gam, ya hura, ya manna faci, ya danne da babban yatsa. Sannan ya ce, "Matata ta."

Baƙon ya rikice ya shiga ba da haƙuri.

Yusha'u ya ce, "Ba komi. Tayarka da saura. Tahi ka ci, abincinta da daɗi."

Mutumin ya tsallaka ya ci. Yusha'u ya gama tayar ya jingine ta, ya zauna a kan tsohon rim na taya ya juya wa hanya baya. Na miƙa masa shayi ya karɓa. Nan ya zauna har aka kira magariba.